Koren Haske a Ɗakin Duhu

Shekaru sun yi nisa, kuma ban yarda da ƙwaƙwalwata gaba ɗaya ba. Akwai abin da nake gani tar kamar jiya aka yi, akwai kuma wanda na sha maimaita wa kaina har na kasa gane ko haka ya faru ko haka dai na saba faɗarsa. Ba zan ambaci sunan garin ko na jami'ar ba. Mutanen ma da sunayen da nake kiransu a zuci zan kira su, domin ba na son ɗora wa kowa abin da ba zan iya rantsuwa a kansa ba.

Sunana Bukar, a Gwale aka haife ni. Kakanninmu daga Barno suka zo tun da daɗewa, sana'ar gidanmu kuwa rubuta Alƙur'ani da hannu. Ni ne na bauɗe na karanta kimiyyar sinadarai. Bayan soja sun miƙa mulki aka sake buɗe tallafin karatu a waje, sunana ya fita, aka tura ni wata ƙasa mai sanyi a Turai in yo digirin dakta. Sharaɗin a fili yake. Malamin da ya karɓe ni zai duba aikina a ƙarshen shekara. In ya sa hannu in ci gaba, in ya ƙi biza ta mutu, in tattara in koma gida.

Zangona na farko tashar jirgin ƙasa ce. Wani ɗan ƙasarmu da aka haɗa ni da shi ya zo ya tarye ni, yana ta fara'a, yana kirana ɗan uwa. Ya leƙa jakata ya ga kilishi da yaji da kuka da Inna ta ƙulla mini, ya dafe kai.

"Ɗan uwa, in 'yan sanda suka ga wannan a ɗakinka ka shiga uku. Kawo in ajiye maka."

Na ba shi, har da godiya. Ya kai ni ƙofar wani dogon gini ya ce ɗakina na sama, an riga an shirya komai. Matar da ke kula da ginin ba ta taɓa jin sunana ba, nasa ma haka. Ban sake ganinsa ba, shi da kilishin. Bayan kai da kawo aka ba ni wani ɗaki a can ƙarshen bene, tagarsa na kallon bangon wani gidan. Sanyin wurin ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai je ba. Amma shirun ya fi shi cin raina. Ba kiran salla, ba ƙarar turmi, ba mai talla. A gida da ƙanshin tawadar da ake dafawa da ƙaro nake tashi. A nan ƙanshin bututun ɗumama ɗaki kawai, kamar ƙarfe ya ji wuta.

Zango na biyu ɗakin gwaje-gwajen ne. Shugabansa Farfesa, dattijo mai farin gashi, ba ya yawan magana, kuma in ya yi tambaya ba ya son dogon bayani. Ƙarƙashinsa akwai babban ɗalibinsa, wanda ya riga ya gama digiri ya zauna yana taya shi. Tsawonsa ya sa nake ce masa Dogo. Sai wata dattijuwa mai kula da kayan aiki, ita ke ɗibar jini, ita ke odar duk abin da ya ƙare. Gwaggo nake kiranta, har ta koyi amsawa.

Aikin da na tarar, in na fahimce shi daidai, ga shi. Idan jiki ya kumbura, kamar gwiwar Inna in damina ta kama, fararen ƙwayoyin jini ne ke taruwa a wurin. Suna fesa wasu ƙananan sinadarai masu zafi, waɗanda ke ƙona duk abin da suka taɓa, ƙwayar cuta ko naman mutum. Kafin ƙiftawar ido sun ɓace, saboda haka ba a iya kama su a auna. Farfesa ya shekara da shekaru yana haɗa wani rini da ba shi da launi. Ana zuba shi kan ƙwayoyin jini masu rai, su shanye shi. In sinadaran nan suka taɓa shi, sai ya riƙa ba da koren haske a ƙarƙashin madubin likita mai fitila. Ke nan ana iya kallon kumburi yana faruwa a cikin ƙwaya mai rai. Rinin ba ya son haske, a naɗe yake da farar takardar ƙarfe irin ta kwalin sigari, a firiza. Madubin kuma yana wani ɗakin ƙasa marar taga, ɗakin duhu.

Ranar da na fara gani, na yi tasbihi a fili. Baƙi wuluk, sai ga ƙwayoyi suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, kore shar, suna motsi. Daga jinina aka ɗebo su da safen nan. Jinin ɗalibai ake amfani da shi bi da bi, kuma da yake ban iya cewa a'a ba, layi ya fi zagayowa kaina. Da azumi ya kama cikin tsakiyar hunturu, Gwaggo ta lura ba na taɓa shayin da take ba mutum bayan ɗibar jini. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dai mayar da nawa lokacin zuwa gab da faɗuwar rana, wadda a can da wuri take faɗuwa, ta riƙa ajiye mini shayin a rufe da biskit a kai.

"Sha, ɗana," in ji ta, tana nuna taga. "Ta faɗi. Na duba."

Dogo ba mugun mutum ba ne a farko, ko kuma ban gani ba. Shi ya koya mini riƙe kayan aiki. Sai dai yana yi mini dariya saboda yadda nake amsa tambaya. In ya ce ƙwayoyin sun yi, sai in ce ina jin sun yi, amma wataƙila a sake dubawa. Ya sa mini suna Malam Wataƙila.

"Malam Wataƙila, yau Talata ce, ko wataƙila?"

Nakan yi murmushi. Ni ma na san halina.

Gwajin kansa ba shi da wuya. A raba ƙwayoyi biyu. Kashi ɗaya a zuba musu abin da zai tsokane su su ɗauka cuta ta shigo, ɗaya kashin a bar su lafiya lau. Waɗanda aka tsokana su yi haske, na lafiya su zauna baƙi. Hotunan Dogo haka suke nunawa, kyawawa ƙwarai, kuma a kansu ake shirya takardar da Farfesa zai fitar wa duniya.

Ni hannuna ba shi da sauri. Ina daɗewa ina juya madubi kafin in yarda hoto ya fito. Wata rana da hantsi ina kan ƙwayoyin lafiya, waɗanda ba a taɓa ba, ina ta gyara, sai na ga sun fara kore. Na ɗauka na haɗa kwanukan ne. Na sake daga farko. Suka sake yi. Na matsa gefen da fitila ba ta haska ba, baƙi. Na tsaya a kansa ina kallo, a hankali shi ma ya kunnu. Na yi ta maimaitawa makonni, ban gaya wa kowa ba, ina fatan laifina ne. Abin da na fahimta shi ne fitilar madubin kanta tana ƙona rinin. In ka daɗe a kan ƙwaya za ta yi haske, ko da kumburi ko babu. Na kuma lura da yadda Dogo ke aiki. Kan ƙwayoyin da aka tsokana yakan daɗe yana neman hoto mai kyau. Kan na lafiya kuwa, tunda ba ya sa ran ganin komai, ƙyas ɗaya ya wuce. Ban ce da gangan yake yi ba. Har yau ban ce ba.

A nan ne na yi abin da aka koya mini a gida. Kakana Goni ya kai shekarun da hannunsa ke rawa, amma bai bar rubutu ba. In yaro a gidan ya ga ya tsallake wasali ko ya maimaita kalma, ba ya zuwa ya ce Goni ka yi kuskure. Baba yake kai wa shafin, shi ne babban ɗalibinsa. Baba ya bari sai sun keɓe, ya ce, "Goni, tawadar nan ta ɗan zame a nan." Goni ya karɓa ya gyara, ba wanda ya ji kunya. Ban taɓa tunanin akwai wata hanyar gaya wa babba kuskurensa ba. Rinin na Farfesa ne, aikin rayuwarsa. Saboda haka na jira muka keɓe da Dogo, na kai shi ɗakin duhu na nuna masa.

Ya daɗe idonsa a kan madubi. Da ya ɗago bai yi dariya ba.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa. Na ga kai ne babba a wurinsa. Wataƙila in kun keɓe ka san yadda za ka faɗa masa, kada ransa ya ɓaci."

Ya dafa kafaɗata. "Ka kyauta, Bukar. Bar mini." Ranar ce kaɗai na ji ya kira sunana na gaskiya.

Na koma ɗakina da sauƙin zuciya. Na jira. Dusar ƙanƙara ta narke, ban ji komai ba. Sai wata safiya Farfesa ya aiko a kira ni. Bai ce in zauna ba.

"An gaya mini sakamakonka ba ya daidaita da na kowa. Kana barin rini a buɗe, kana daɗewa a kan madubi har ka lalata ƙwayoyi. Haka ne?"

Na sunkuyar da kai, kamar yadda ake yi gaban malami. Daga baya na ji a can wanda ya ƙi kallon ido marar gaskiya ake ɗaukarsa.

"Ina daɗewa, Farfesa, wannan gaskiya ne. Amma wataƙila akwai…"

"Ba ni makullin."

Na ciro makullin ɗakin duhu na ajiye masa a tebur. Daga ranar aikina ya koma haɗa ruwan da ake jiƙa ƙwayoyi da jera kwalabe. Jinina dai ba a daina ɗiba ba.

Wannan shi ne zango mafi tsawo, kuma ba ni da abin faɗa da yawa a kansa. Ina zuwa, ina komawa. Na rame har Gwaggo ta kawo mini rigar sanyin mijinta da ya rasu, ta ce tawa ta yi mini yawa. Ƙarshen shekara na matsowa, ba ni da aikin da zan nuna.

A lokacin gidanmu ba waya. Akwai shagon buga waya kusa da Ƙofar Na'isa, in na aika saƙo sai su je can su jira ranar Asabar da rana. Ƙanena Mustafa ne ya fara ɗauka.

"Dakta! Dakta na Turai! Inna ta ce a tambaye ka ko ka fara cin alade."

Na ji muryarta a baya tana cewa ƙarya yake mata, ɗan banza. Ta karɓa ta tambaye ni ko kilishin ya ƙare, na ce saura kaɗan. Sannan Baba. Ban yi niyyar gaya masa ba, amma da ya ce, "Muryarka ba daidai take ba," sai na zayyana masa komai. Da na gama, sai ya tambaye ni.

"Shi babban ɗalibin, ka san halinsa kafin ka kai masa?"

"Ban sani ba, Baba. Na ga haka ake yi wa Goni."

"Goni ubana ne. Kuskurensa nawa ne, shi ya sa ake kawo mini. Shi wancan, kuskuren wa ka kai masa?"

Bai jira amsata ba.

"Nasa ka kai masa, Bukar. Kuma ka manta, ko liman in ya ɓata karatu a salla, daga sahun baya ake ɗaga murya a gyara masa. Je ka faɗa da bakinka. In sun kore ka, ƙofar gidan nan ba ta ƙanƙance ba."

Duk mako ana taro, kowa ya faɗi inda aikinsa ya kwana. A taron da ya biyo baya Dogo ya haska hotunansa a bango, waɗanda za a aika da takardar. Farfesa ya ce ko da mai magana. Na miƙe. Na faɗi abin da na gani, kuma na san na cika shi da ina jin da wataƙila, domin haka bakina yake. Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Farfesa ya cire tabarau.

"Kana cewa hotunan nan ƙarya ne? E ko a'a?"

"Ba zan iya cewa ƙarya ba ne, Farfesa. Ban tsaya a kansa lokacin da ya ɗauke su duka ba. Abin da na sani, fitilar na kunna rinin ko ba kumburi. Na nuna masa da kaina."

"Ya nuna mini ƙwayoyin da ya lalata," in ji Dogo, ba tare da ya kalle ni ba. "Na yi ƙoƙarin rufa masa asiri."

Na roƙi Farfesa ya ba ni yini ɗaya, ya sauko ɗakin duhu ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce jibi bayan abincin rana. Wannan adalci ne, kuma ina so a rubuta masa shi.

Ranar, jinina aka ɗiba. Ni na wanke ƙwayoyin, ni na zuba rinin, ban bar kowa ya taɓa ba. Muka shiga mu uku, Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa. Na ɗora ƙwayoyin lafiya, na kunna fitila, na sa ido. Hasken ba shi ne wanda na sani ba. Da can in ya sauka kan gilashi har sai ka ga shuɗinsa a yatsunka. Yanzu ya dushe. Na laluba gefen madubin, na ji wani ɗan gilashi a ramin da ke gaban fitila, irin wanda ake sakawa don rage haske. Iya sanina, ramin nan a wofi yake duk watannin da na yi a ɗakin.

Farfesa ya zauna ya duba. Baƙi. Muka jira. Baƙi.

"An sa wani abu a gaban fitilar, Farfesa. Da babu shi. A cire a gani."

"Tun da aka sayi madubin yake nan," in ji Dogo. "Wataƙila Malam Wataƙila ne ke cire shi, shi ya sa ƙwayoyinsa ke ƙonewa."

Farfesa ya juya wajen ƙofa. Duk abin da ya shigo ɗakin nan ta hannun Gwaggo yake biyowa. Ya tambaye ta ko ta san lokacin da aka sa gilashin. Ni ma na juya. Hasken baranda na bayanta, ban ga fuskarta sosai ba. Na san saura mata kaɗan ta yi ritaya, na kuma san Dogo ne ake sa ran zai gaji kujerar Farfesa. Ta daɗe tana murza gefen rigarta.

"Kaya da yawa ke wucewa ta hannuna," in ji ta. "Ban tuna ba."

Farfesa ya duba agogonsa ya miƙe. Na ce ko sau ɗaya ne a cire gilashin. Ya ce in an cire an koma yin aiki ba daidai ba, me hakan zai nuna? Amsar ta zo mini ina kan matakala, cewa a sake ɗaukar hotunan takardar da gilashin a ciki, kowane kashi a ba shi tsawon lokaci daidai da ɗayan. Kafin in juya ya shige ofis ya rufe.

Bai sa hannu ba. An ba ni wata takarda mai cewa na halarci ɗakin gwajinsu na shekara guda, da ladabi. Ranar tafiyata na kai wa Gwaggo rigar mijinta. Ta ƙi karɓa, ta riƙe hannuna da hannayenta biyu, ta ce wani abu da harshensu wanda ban ji ba. Ban riƙe ta a zuci ba. Ina jin ban riƙe ta ba.

Da la'asar tasi ta sauke ni a Ƙofar Na'isa, domin lungunmu mota ba ta shiga. Tun daga bakin titi aka fara. Mai shayi ya ce sannu da zuwa Dakta, masu ɗinki suka ɗaga hannu, Dakta ya dawo. Kowa na tsaya na ce masa ban samo ba. Wasu suka ɗauka tawali'u ne suka yi dariya. Wasu suka gane, suka kawar da kai. Baba yana zaure da alƙalami a hannu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa, Baba. Bai yi amfani ba."

"Shiga ka ga uwarka."

Yanzu kimiyya nake koyarwa a wata sakandare a cikin gari. A unguwa an daɗe da yanke cewa karatun ne ya fi ƙarfina, kuma ba na musu, domin ba ni da abin nunawa. Ban san ko takardar ta fita da waɗancan hotunan ba. Ban nema ba, tsoro nake ji ko ta wace fuska.

Mutum huɗu ne a ɗakin duhu ranar, akwai kuma ɗaliban da suka yi aiki da madubin kafin zuwana da bayan tafiyata. In wannan rubutu ya isa ga ɗayansu, ko ta bakin mai fassara ne, ina roƙonsa ya gyara mini duk inda na kauce. Abu ɗaya na fi so a gaya mini. In gilashin nan yana gaban fitila tun farko, ni ne ban lura ba, a faɗa mini ba tare da jin nauyi ba, zan karɓa in nemi gafarar Dogo a fili. In kuwa babu shi, mutum ɗaya ya ishe ni ya ce babu shi. Digirin ya wuce, ba shi nake nema ba. Baba ya tsufa ƙwarai, kuma har yau ba shi da wata shaida sai maganata.